Yadda Ake Gano Matsalar Wuta da Caji a Tsohuwar Akori-Kura

Wutar tsohuwar akori-kura, Peugeot 504 ce ko Toyota Hilux, ta dogara ne a kan batir, altaneta da wayoyin da suka haɗa su. Batir ke tayar da inji, altaneta kuma ta karɓi aiki ta ciyar da fitilu tana mayar wa batir abin da ya kashe. Idan mota ta ƙi tashi da safe, batir ake fara zargi, amma sau da yawa ba shi da laifi. Shi ya sa ƙwararren mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, yakan auna kafin ya ce a sayo sabo.

Ana farawa da mita a kan batir, inji a kashe. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, domin ɗakuna 6 ne a cikinsa, kowanne da bolt 2.1. Idan ya nuna 12.2 to saura rabi, ƙasa da 12 kuma ya sauka. Sai a murɗa makulli ana kallon mita. Batirin da ya faɗi ƙasa da 9.6 yayin da kik ke juyawa ya gaji, ko da ya nuna lafiya a zaune. Zafin Arewa na ƙone ruwan batir da wuri, don haka a buɗe murafan a ga ko ruwan ya rufe farantan ciki.

Kan batir abin lura ne. Farin garin nan da ke taruwa a kansa yana tare wuta, har a ji kik yana "ƙas-ƙas" ba ya juyawa. Ruwan zafi, burushin ƙarfe da ɗauri mai kyau sun isa.

Bayan inji ya tashi, mita ya kamata ta hau tsakanin 13.8 da 14.5. Idan ta tsaya a 12 da 'yan kai, caji ba ya shiga. A nan ma kada a yi gaggawar kwance altaneta. Fambel da ya saki yana zamewa, yakan yi ƙara in an kunna manyan fitilu. Akwai kuma ƙaramin ƙwan nan ja mai hoton batir a dashbod, wanda mutane ke rainawa. A yawancin tsofaffin motoci ta cikinsa wutar farko ke bi ta tada altaneta, saboda haka in ya ƙone caji na iya tsayawa alhali altaneta lafiyarta lau. Dole ya kama in an buɗe makulli, ya mutu in inji ya tashi. Sai an kawar da waɗannan ne ake buɗe altaneta a duba burushinta da suka cinye, ko dayod da ya ƙone. Idan kuwa mita ta haura 15, katawut mai daidaita caji ne ya lalace. Batir zai riƙa tafasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, fitilu suna ƙonewa ɗaya bayan ɗaya.

Al'adar cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu, gadon zamanin dinamo ce. A mota mai altaneta wutar na iya yin tsalle ta ƙone dayod, gwaji ya zama ɓarna.

Wayar as, wadda ta haɗa batir da bodi da inji, ita ce mafi ɓuya. Akori-kura na shan kaya da gargada, tsatsa na cin wurin ɗaurin. Alamarta ita ce abubuwan da ba su da kan gado: a taka birki sigina ta kama, ko fitilu su dushe ba dalili. Ana ɗora tsinken mita ɗaya a baƙin kan batir, ɗaya a jikin inji, a murɗa makulli. Abin da ya wuce rabin bolt na nufin a kwance, a goge, a ɗaure.

Saura motar da ke caji lafiya amma ta kwana ta wayi gari ba wuta. Wani abu ne ke shan batir cikin dare. A kashe komai, a cire baƙar wayar batir, a sa mita tsakani a ma'aunin amfiya. Shan da ya wuce miliamfiya 50 ya yi yawa. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi, layin nan ne mai laifi. Galibi rediyo ne ko ƙarin fitila da aka jona kai tsaye da batir. In an zare duka ba ta faɗi ba, a cire babbar wayar bayan altaneta, domin dayod da ya lalace yana barin wuta ta koma baya.