Ehden: Garin da Kwarori Ke Hawa Gudun Zafi

Duk wanda ya taɓa yin bazara a unguwar Gomari, kusa da filin jirgin saman Maiduguri, ya san abin da ake kira zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, dare ya yi a fitar da tabarmi tsakar gida, da rana kuwa ba abin da ke da daraja kamar inuwar dogon yaro. A ƙasar Lebanon, inda Kwarorin Kantin Kwari na Kano suka fito, akwai wani gari da mutanensa suka daɗe da samo wa zafi magani. Sunansa Ehden.

Garin yana arewacin ƙasar, kimanin kilomita 120 daga Beirut, a kan dutse mai tsayin mita 1,500. Abin mamaki game da shi shi ne mutanensa gari biyu gare su. Da sanyi, lokacin da ƙanƙara ke rufe hanyoyi, suna zaune a Zgharta, can ƙasa kusa da Tarabulus. Da zafi ya kama sai su kwashe iyali su hau Ehden, kamar yadda Fulani ke tashi daga mashekari. A gundumar nan ce kuma ƙauyen Miziara yake, wanda 'ya'yansa da yawa a Nijeriya suka yi arzikinsu.

Baƙo yakan fara da dandalin Midan, inda ake zama ƙarƙashin manyan itatuwa ana shan gahawa, ana cin kibbe, watau dakakken nama da ɓarzajjen alkama. Amma abin da ya fi cancantar wahalar tafiyar yana gangaren garin, a kwarin Ƙadisha. A nan ne ruhubanawan Kirista 'yan ɗarikar Maruniyya suka sassaƙa gidajen ibada a jikin duwatsu, nesa da idon masu mulki. A gidan Ƙannubin shugaban ɗarikar ya zauna tun daga 1440, har kusan shekara 400. A gidan Ƙozhaya kuwa aka buga littafin Zabura a 1610, da harshen Suryaniyanci da kuma Larabci cikin haruffan Suryaniyawa, kusan shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai wani kogo a wurin inda a dā ake ɗaure masu taɓin hankali da mari ana neman musu sauƙi, al'adar da ba za ta zama baƙuwa ga mutanen ƙasarmu ba. A 1998 hukumar UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya.

Garin bai tsira daga yaƙin basasar 1975 zuwa 1990 ba. Ran 13 ga Yuni 1978 mayaƙan wata ƙungiyar Kirista suka afka masa, suka kashe Tony Frangieh, ɗan tsohon shugaban ƙasa Suleiman Frangieh, da matarsa, da ƙaramar 'yarsu, da wasu mutane da dama.

Sanyin Ehden daga tsayin dutse yake, amma ni'imarsa daga daji take, shi kuwa dajin da kyar ya kai yau. Itacen arzu, wanda ke tsakiyar tutar Lebanon, an yi dubban shekaru ana saransa. Fir'aunonin Masar sun yi jiragen ruwa da shi, Turkawa kuma sun hura jiragen ƙasa da shi a Yaƙin Duniya na Farko. Ɗan kurmin da ya rage kusa da garin Bsharre a hannun coci yake, kuma a 1876 aka kewaye shi da katanga da kuɗin Sarauniya Victoria ta Ingila, ba don tsoron ɓarayi ba, don awaki ne, masu cinye tsiro tun bai yi ƙwari ba. Dajin Ehden kansa sai a 1992 doka ta keɓe shi.

Duk da haka gatari bai huta ba. Tun da tattalin arzikin Lebanon ya durƙushe a 2019, kuɗin ƙasar ya zama takarda, man ɗumama ɗaki ya gagari talaka, mutanen duwatsu da yawa suka koma wa itace, ana sara a ɓoye. Mutanen Gomari ba sa bukatar a yi musu dogon bayanin wannan. A Janairun 2021, da 'yan Boko Haram suka fasa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, Maiduguri ta yi watanni cikin duhu. A birnin kuwa gawayi da itace ne abin girkin yawancin gidaje, kuma masu shiga daji yo su sun sha gamuwa da 'yan bindiga, wasu ba su dawo ba.