Baba Fasto, Kada Wa'azinka Ya Raba Marar Lafiya da Maganinsa

Iyayenmu fastoci da dattawan ikkilisiya, akwai wata magana da ke shiga majami'unmu a hankali, kuma tana cin rai. Ana faɗarta a taron farkaswa, a dakunan addu'a, wani lokaci ma a kan bagadi ranar Lahadi: wai wanda aka yi wa addu'a, in dai yana da bangaskiya, to ya jefar da magani. Ina roƙonku da sunan Ubangiji ku tare ta tun ba ta kai mu maƙabarta ba.

A watan Afrilu na 2023, hukumomin Kenya suka fara tono kaburbura a dajin Shakahola, kusa da garin Malindi. Gawawwakin da aka fitar sun haura 400, da yawa na yara ne. Mabiyan Paul Mackenzie ne, wanda aka gurfanar a kotu bisa zargin ya sa su azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Abin lura shi ne ba da azumin aka fara ba. Shekaru kafin nan an riga an koya musu cewa asibiti da makarantar boko aikin Shaiɗan ne. Wanda ya yarda a raba shi da likita yau, gobe ba zai yi musu ba in an raba shi da abinci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan gida ɓarnar ba ta zuwa da kabari ɗari a rana ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, shi ya sa ba mu ƙirga. Mai ɗauke da ƙwayar HIV da ke shan maganinsa kullum, gwaji kan nuna ƙwayar ta ragu har na'ura ba ta ganinta a jini. Wannan aikin maganin ne, ƙwayar tana nan a ɓoye. Sai ya tashi lokacin shaida da takarda a hannu ya ce ya warke, a buga ganga, mata su yi guɗa, ya daina sha. Cikin 'yan makonni ƙwayar ta dawo, wani lokaci har ta daina jin maganin da yake sha a da. Haka mai tarin fuka: maganinsa galibi na wata 6 ne ko fiye, amma tari kan lafa tun da wuri. In ya tsaya a nan, cutar na iya dawowa da taurin kai, ya kuma shafa wa matarsa da 'ya'yansa. Hawan jini ba ya sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Yaron da ke rayuwa da allurar insulin, kwanaki kaɗan ba ita sun isa su kai shi suma. Mai farfaɗiya da ya yanke magani farat ɗaya na iya faɗuwa a bakin murhu ko rijiya. Ga kuma mai naƙuda da likita ya ce sai tiyata, a kwana ana tsawata wa ruhun wuƙa har jini ya ƙare mata.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Luka, wanda ya rubuta Bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne, kuma Bulus ya ambaci sana'arsa da ƙauna. Da Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, Allah ya ji addu'arsa, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Kutaren da Yesu ya warkar, wurin firistoci ya aike su a duba su a tabbatar. Shaiɗan ne ya ce masa ya diro daga ƙololuwar Haikali tun da Allah zai tsare shi, Yesu kuwa ya ƙi gwada Allah. Waɗanda suka kawo mana bishara ma da akwatin magani suka zo. Asibitin Vom, na Garkida, Jankwano a Jos, da na Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950, duk masu addu'a ne suka gina su.

Saboda haka, Baba, ga abin da ke hannunka tun daga wannan Lahadi. Faɗa da bakinka a kan bagadi cewa shan magani ba rashin bangaskiya ba ne, kuma wanda ya rubuta magani shi kaɗai zai ce a daina. Kada a ba kowa makirufo ya yi shaidar warkewa daga babbar cuta sai dattawa sun ji shi tukuna, ya kuma koma asibiti an duba shi. In ka sanar da azumin ikkilisiya, ka ware masu ciwon sukari, masu gyambon ciki, masu juna biyu, masu shayarwa da yara, a fili, don kada kunya ta sa su cuci kansu. Baƙon mai wa'azi, san koyarwarsa kafin ka miƙa masa garkenka. In ya ce a zubar da magani, gyara maganar nan take, kafin a tashi. Shi zai shiga mota ya tafi, kai za ka yi jana'iza.

Ka kuma tuna cewa da yawa ba taurin kai ya hana su asibiti ba, babu ce. Ware wani abu daga baiko domin marasa lafiya. Nas da ma'aikatan lafiya da ke zaune a bencinka, ba su minti goma su yi wa jama'a bayani. Zumuntar mata ta san wace ce watan haihuwarta ya kama, a shirya mata mota da mai ba da jini tun kafin dare ya yi.

Mun gaskata Allah yana warkarwa, kuma ba za mu daina ɗora hannu a kan marasa lafiya ba. Amma in ka je gaida marar lafiya ka gama addu'a, kafin ka sa takalmi ka tambaye shi ko ya sha maganinsa yau. In ya ce ya ƙare, kada ka bar gidan sai ka san yadda za a samo wani.