Launi Ne Ke Hana Fim Zama "Baƙin Fim"?

Yau gardamar masu kallo za mu leƙa. Wasu sun ce fim ɗin 'yan daba na zamani, mai launi, ba zai taɓa shiga sahun abin da ake kira fim nuwar ba. Wasu kuwa sun ce muddin akwai bindiga da dare da jini, to ya shiga. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu sun yi tuntuɓe, kuma matan da ke cikin finafinan su ne za su raba mana gardamar.

Nuwar kalmar Faransanci ce, ma'anarta baƙi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Jamus ta mamaye Faransa, an hana shigar finafinan Amurka. Da aka buɗe ƙofa a 1946, sai mutanen Faris suka kalli da yawa a jere, suka ga ashe Amurkawa sun daina yi musu wasan dariya: sai duhu, da cin amana, da mutanen da ba su da mafita. Wani marubuci, Nino Frank, ya kira su baƙin fim, sunan ya bi su. Masana kan fara lissafi daga The Maltese Falcon na 1941, su rufe da Touch of Evil na 1958. Kusan dukkansu baƙi da fari ne, shi ya sa wasu suka ɗauka rashin launi shi ne sharaɗi.

To, ki dubi Double Indemnity na 1944, wanda Billy Wilder ya shirya. Wani mai tallar inshora ne, ba ɓarawo ba, ba ɗan daba ba. Ya je wani gida don sabunta takardar mota, ya tarar da matar gidan. Daga kallo sai zance, daga zance sai suka ƙulla kashe mijin don su ci kuɗin inshora. Tun farkon fim ɗin kin gan shi da harbi a jiki yana ba da labarin yadda ya halaka, saboda haka ba ki jiran ki ga ko zai tsira. Kallon yadda kwaɗayi ya zama mabuɗin wahala kawai kike yi. Wannan shi ne ƙashin bayan baƙin fim: mutum irin na kowa, taku ɗaya a karkace, tarko ya rufe.

Launi bai hana wannan ba tun a wancan zamani. Leave Her to Heaven na 1945 mai launi ne shar, har ya ci lambar Oska ta ɗaukar hoto. A ciki, matar da kishi ya cinye tana zaune cikin kwale-kwale da baƙin tabarau, rana tsaka, tana kallon ƙanen mijinta mai lalurar ƙafa yana nutsewa, ko motsi ba ta yi ba. Wa zai ce wannan ba baƙi ba ne don ruwan tafkin shuɗi ne?

Sai mu juyo ga 'yan daba. The Godfather na 1972 ya fi wasu tsofaffin duhu a ido, don mai ɗaukar hotonsa, Gordon Willis, ya bar idanun Marlon Brando cikin inuwa da gangan. Amma labarinsa na sarauta ne: gida mai ƙarfi, uba da 'ya'yansa, wa zai gaji kujera. Masu gardama za su ce ai Michael ma tarko ne ya kama shi, tun da da farko ya guji sana'ar ubansa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai shi ya ƙare ana sumbatar hannunsa, mai tallar inshora kuwa ya ƙare a ƙasa bakin ƙofar ofis.

Nan ne zancen mata ya shigo. A baƙin fim mace tana tsakiyar labari, ita ke da wayo, ita ke juya akalar namiji, ko da yake, don Allah ki lura, yawanci ita ake ɗora wa laifin duka, sai ka ce shi ba da ƙafarsa ya zo ba. Dokar tace finafinai ta Amurka, wadda aka tsananta daga 1934 har aka yar da ita a 1968, ba ta yarda mai laifi ya sha ba, don haka irin wannan mace ba kasafai take kaiwa ƙarshe lafiya ba. A fim ɗin 'yan daba kuwa matar gida 'yar kallo ce. Kay ta tambayi Michael ko shi ya kashe mijin ƙanwarsa, ya dubi idonta ya yi mata ƙarya, aka rufe ƙofa tana waje.

In kina son mai launi na bayan wancan zamani da ya cika sharaɗi, nemi Chinatown na 1974. Ɗan bincike ne aka ɗauka ya bi sawun wani miji, sai ya faɗa cikin makircin manya kan ruwan sha na Los Angeles. Ya gano gaskiya, gaskiyar ba ta ceci matar da ya so ya ceta ba, attajirin kuma ya tafi abinsa. Irinsa ake kira sabon nuwar. Amma fa ba na kallo da ƙananan yara ba ne, ke uwar gida.