Hoton naka ne, sassaƙen na wani

In makarantarku ta kwashe ku daga Gubuchi ko Makarfi zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da wuya ku wuce lambun sassaƙe-sassaƙe na Sashen Zane ba ku ciro waya ba. To, hoton na wa?

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare hoton da ka ɗauka na shekara 50 daga fitowarsa. Shi kuwa sassaƙen, kariyarsa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar wanda ya yi shi.

Ajiye hoton don tunawa ba laifi. Amma kafin ka buga shi a riga ko kalanda ka sayar, nemi izini, ka kuma ambaci sunan mai aikin. Guminsa ne.