Runguma Da Riƙe Hannu: Haƙƙin Auren Da Kunya Ke Dannewa

A gidaje da yawa, maigida yakan sauke nauyin ci da sha da sutura, uwargida ta sauke na girki da tarbiyya, amma sai a yi wata da watanni jikin ɗaya bai taɓa na ɗaya ba in ba a shimfiɗa ba. Wannan babban giɓi ne. Riƙe hannu, jingina da kafaɗa, ko runguma bayan dawowa daga kasuwa, ba tare da wata manufa a gaba ba, suna cikin abubuwan da ke ɗaure zaman aure, kuma jikin ɗan Adam kansa yana ba da shaidar hakan.

Taɓawa ta ƙauna tana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin oksitosin, wanda shi ne ke taimaka wa mace wajen naƙuda da zubar nono, yake kuma ƙarfafa shaƙuwa. A shekarar 2006, James Coan da abokan aikinsa a Amurka sun sanya matan aure 16 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka gargaɗe su cewa za a iya jona musu lantarki kaɗan. Da kowace ta riƙe hannun mijinta, sai sassan ƙwaƙwalwar da ke tashi lokacin fargaba suka lafa sosai. Hannun baƙo bai yi tasiri kamar haka ba. Binciken Sheldon Cohen na Jami'ar Carnegie Mellon, wanda ya fito a 2015, ya bi mutum 404 da aka sa wa ƙwayar cutar mura, ya gano cewa waɗanda ake yawan rungumarsu sun fi samun sauƙin alamun ciwon.

Wani zai ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, ko kwaikwayon finafinan Indiya. Littattafan hadisi sun ƙaryata haka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Annabi (SAW) yakan jingina a cinyarta yana karanta Alƙur'ani alhali tana haila, yakan kuma sumbace ta yana azumi. A duka lokutan biyu saduwa haramun ce, saboda haka kusancin nan ƙauna ce zalla. Aya ta 21 a Suratur Rum ma natsuwa da soyayya da jinƙai ta ambata a matsayin abin da aka gina aure a kai.

Wani kuma zai kawo batun kunya. Kunya abar yabo ce a gaban surukai da yara da baƙi, kuma ba wanda ya ce a rungumi juna a tsakar gida. Amma idan ta bi ma'aurata har uwar ɗaka, ta zama katanga. Gaskiya ne runguma ba ta ciyar da gida, ba ta kuma wanke zalunci; a binciken Coan ma, matan da suka fi jin daɗin aurensu ne suka fi samun natsuwa. Wannan yana nuna cewa taɓawa da kyautatawa tare suke tafiya. Maigida da uwargida, ku ware wa juna 'yan mintoci kullum bayan yara sun kwanta. Ba kuɗi ake kashewa ba, kuma haƙƙi ne da kowannenku ke bin ɗan'uwansa.