Hunturu Ya Tafi Ya Bar Ƙurarsa A Cikin Esinka

A watan Maris, ana tsakiyar zafin bazara, na je gaida wani yayana a Kubwa. Ina shiga falo na yi kiciɓis da bokiti a ƙarƙashin esi yana tarar ruwa, ɗis, ɗis. Na'urar na ta gurnani, amma kowa da maficinsa a hannu. Ashe an riga an kira wani mai gyara, ya ce gas ne ya ƙare, ya ƙara, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Kwana huɗu abu ya koma gidan jiya.

Ina zaune wani matashi da maƙwabci ya turo ya yi sallama. Ko tukunyar gas bai sauke daga babur ba. Ya kashe makunnin bango, ya taka kujera, ya ɗaga murfin gaba, ya zaro raga biyu. Ba ka ganin ƙofofinsu ko ɗaya. Jar ƙura ta danƙare a kai kamar bargo, har tana zubowa kan kafet.

"Alhaji, yaushe rabon da a wanke waɗannan?"

Yayana ya dube ni, ya dubi uwargida, ya ce, "Au, dama wanke su ake yi?"

Shekara uku ke nan da kafa esin. Na kuma tabbata gidaje irin wannan ba su ƙirguwa daga Gwarinpa zuwa Lugbe, daga Karu zuwa Gwagwalada. Mun iya sayen na'ura, mun iya kuka da kuɗin wuta, amma aikin minti goma da zai raba mu da rabin wahalar, ba wanda ya taɓa nuna mana shi.

Daga ina ƙurar take?

Hazon da ke rufe Dutsen Aso da safe, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, baƙo ne daga nesa. Kaso mai yawa nasa yana tasowa daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, kusa da garin Faya. Dubban shekaru da suka wuce wurin gindin ruwa ne, lokacin da Tafkin Chadi yake makeken teku. Ruwa ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwashe wannan gari ta yo kudu maso yamma da shi. Masana na ɗaukar Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, wadda wani ɓangarenta ke ƙetare Tekun Atlantika har dajin Amazon. Idan ta yi kauri a nan, hukumar NiMet kan fitar da gargaɗi, jirage su yi ta jinkiri a filin Nnamdi Azikiwe.

Ga kuma tamu ta gida: hanyoyin unguwanni marasa kwalta, gine-ginen da ba sa ƙarewa a Abuja, fasa dutse a wajen Mpape, da hayaƙin ƙona ciyawa da shara. Duk wannan yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta jikin taga, ta takalma da tufafi.

Me ke faruwa idan raga ta toshe?

Da yawa muna zaton esi iskar waje yake jawowa ya sanyaya. Irin wanda ake kafawa a bango, mai kai a ciki da inji a waje, iskar ɗakin yake juyawa. Yana zuƙo ta ta sama, ta bi ta raga, ta ratsa wasu bututun jan ƙarfe masu sanyi da siraran faifan alminiyam, fanka ta sake huro ta cikin ɗakin. Haka yake yi dare da rana. Duk ƙurar da ke yawo a ɗakin, da gashin bargo, da garin hoda, da hayaƙin turaren wuta, a kan wannan raga suke yada zango.

Idan ta cika, na'urar ta zama kamar mai mura, hanci a toshe. Iskar da ke wucewa ta ragu, sai bututun su yi sanyi fiye da kima, danshin da ke kansu ya daskare ya zama ƙanƙara. Ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya, in ta narke ruwan ya fi ƙarfin tiren da ke tare shi, ya biyo bango. Shi kuwa kwamfaresan da ke waje, tunda ɗaki ya ƙi kai sanyin da aka saita a rimot, ba zai huta ba. Nan ne wuta ke tafiya, nan ne kuma inji ke tsufa kafin lokacinsa. Kwamfaresa shi ne mafi tsada a jikin esi. Ranar da ya ƙone, wasu gwamma su sayi sabon esi.

Sai batun gas, inda aka fi cin kuɗin mutane. Gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar fetur ko gas ɗin girki. A rufe yake cikin bututu, yana zagayawa yana dawowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in gas ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Duk mai gyaran da ya ce maka gas ya ƙare bai ɗaga murfi ya duba raga ba, ka dakatar da shi. Wanda kuma ya ƙara gas bai nemo ramin ya toshe ba, ya ajiye maka ranar da za ka sake kiransa ne.

Lissafin aljihu

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa sauya ko tsaftace filtar da ta toshe na iya rage wutar da esi ke sha da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. A da, da wuta ke araha, sai a ce wannan ai ba komai ba ne. Amma a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa 200 da ɗoriya.

Mu yi misali. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kan sha kusan yunit ɗaya a awa. In yana aiki awa 8 kowane dare, yunit 240 ke nan a wata, wajen naira 48,000 a kan farashin 200. Kashi 10 na wannan naira 4,800 ne. Gidan da ke da esi uku yana iya zubar da sama da naira 14,000 a wata a kan ƙura kawai. Mai janareta asararsa a jarkar mai take, mai sola kuma batirinsa ne zai riƙa mutuwa kafin asuba.

Ba aljihu kaɗai ba

Ƙura ta haɗu da danshi a wuri mai duhu, nan ne gidan fumfuna. Ruwa ba ya tsami banza: in ka kunna esi ka ji wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma, abin da ke ciki ne ake hura maka, kai da iyalinka, a ɗaki rufe har gari ya waye. Mai lafiya zai iya tashi da atishawa da ƙaiƙayin ido ya ce sanyi ne ya kama shi. Mai asma, da jariri, da tsoho mai ciwon ƙirji, su ba da sauƙi suke sha ba. Idan yaro na tari duk dare a ɗakin esi, ya yi sauƙi da rana, a kai shi asibiti, a kuma ɗaga murfin na'urar a duba.

Yadda ake wanke ta

Ba sai an kira kowa ba. Maigida, uwargida ko babban yaro, kowa zai iya.

1. Kashe esi da rimot, sannan ka kashe makunninsa na bango. Kada ka sa hannu wuta na ciki.

2. Taka abu mai ƙarfi, ka kama murfin gaba ta gefe biyu ka ɗaga. Za ka ga raga biyu. Ɗan tura kowace sama, ka jawo ta ƙasa a hankali don kada ƙurar ta zube maka a fuska.

3. Fita da su waje. Kada ka kaɗe a cikin ɗaki. Mai asma ya bar wa wani aikin, ko ya sa takunkumi.

4. Zuba ruwa ta bayan ragar, yadda zai turo ƙurar ta inda ta shigo. In akwai maiƙo, kamar esin da ke kusa da kicin, sa ɗan sabulu da soso mai laushi. Ban da tafasasshen ruwa, ban da fetur ko kananzir, ban da burushi mai tauri.

5. Shanya a inuwa har ta bushe sarai. Ranar Abuja na lanƙwasa roba, jiƙaƙƙiyar raga kuma fumfuna take haifarwa.

6. Mayar da ita yadda ka same ta. Kada ka kunna esi babu raga ko na dare ɗaya, domin ƙurar za ta shige cikin faifan, inda hannunka ba ya kai wa.

Galibin kamfanonin da ke ƙera esi suna cewa a wanke duk mako biyu. A hunturu, ko in gidanka na bakin hanya marar kwalta, mayar da shi duk mako. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaga ragar ka kalli haske ta cikinta. In ba ka gani sosai, iska ma ba ta wucewa.

Yaushe ake sauya ta?

Ragar esin bango takan daɗe, amma in ta yage, ko ta lanƙwashe ta daina zama daidai, wanki ba zai yi mata magani ba. Ɗauki tsohuwar da lambar samfurin na'urar ka je wurin masu kayan esi, don girmansu ya bambanta. Wasu na'urorin suna da ƙananan filta da ake maƙalawa a jikin ragar, masu kama wari. Da yawansu ba a jiƙa su, sai a duba littafin da ya zo cikin kwali.

Akwai kuma manyan gidaje, ofisoshi da otal-otal masu na'ura guda da ke raba iska ta cikin silin. Da yawa daga cikin irin waɗannan, kamar na'urorin ɗumama gida da 'yan'uwanmu ke amfani da su a Amurka da Kanada, filtarsu ta takarda ce mai firam ɗin kwali. Ita ba a wanke ta, jefarwa ake yi a sa sabuwa, yawanci duk wata ɗaya zuwa uku. A kula da girman da ke rubuce a gefenta, da kibiyar da ke nuna inda iska ke bi, don in aka juya ta baibai ba za ta yi aiki daidai ba.

Rabon mai gyara

Wankin raga bai ɗauke wankin gaba ɗaya ba. Aƙalla sau ɗaya a shekara a kira ƙwararre ya wanke faifan ciki, da fanka, da bututun fitar ruwa, da injin waje, wanda shi ne ya sha hazon watanni huɗu a fili. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙarshen Fabrairu ya fi dacewa, kafin zafin Maris da Afrilu ya sa masu gyara su yi wuyar samu. A kuma kawar da buhuna, katako ko shanya daga jikin injin waje, ya samu wurin numfashi.

In ka gama da esi, leƙa janareta. Shi ma yana da filta, galibi soso ne a cikin ɗan akwati a gefe. In ya toshe sai inji ya riƙa baƙin hayaƙi yana shan mai. Mota ma haka, a ce wa bakanike ya duba filtar iska ta inji da ta esi bayan hunturu.

Abin da raga ba za ta iya ba

Kada wani ya wanke raga ya ɗauka ya gama da hazo. An yi ta ne don kare na'ura daga ƙura mai kauri. Akwai wata ƙurar da ake kira PM2.5, wadda ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta kusan sau 30. Ita ce ke shiga can cikin huhu, kuma saboda haɗarinta ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ma'auninta a shekarar 2021. Wannan ta cikin ragar esi take wucewa kamar ruwa a kwando. Mai kama ta ita ce filtar HEPA, da ke cikin na'urorin tace iska na musamman. Wanda ke da mai asma a gida kuma yana da hali, ya dace ya nema. Wanda ba shi da hali, ranar da hazo ya yi kauri ya rufe tagogi, ya toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya da ke tayar da ƙura.

Mafi muhimmanci, babu ragar esin da ke tare gubar hayaƙin janareta ko ta garwashin gawayi. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma kashe mutane suna barci. Tunda esi ba ya shigo da sabuwar iska, ɗakin da aka rufe ruf ya fi haɗari. Janareta ya zauna a fili, nesa da taga da ƙofa, ba a baranda ko lungun bene ba. Kaskon wuta kuma, komai sanyin hunturu, kada a kwana da shi a ɗaki rufe.

Shi dai yayana, a ranar aka wanke ragar a bakin famfo, ruwan ya fito kamar kunun kanwa. Matashin ya bar esin a kashe har ƙanƙarar ta narke, ya busa bututun ruwa, ya mayar da komai. Kafin la'asar uwargida ta aika a ɗauko mata mayafi, bokiti ya koma banɗaki. Yanzu duk Asabar ta biyu, in an gama wankin mota, babban ɗansa ne ke taka kujera. Kai ma in ka koma gida yau, kashe makunni, ka ɗaga murfin ka gani da idonka.