Rumbun ayyuka na bai ɗaya da ƙaurar manhaja: misali daga rubutun Hausa

1. Gabatarwa

Mai bincike a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kan rubuta ƴar manhaja don jera kalmomin Hausa, ta yi aiki daidai a kan Linux, amma da zarar an kai ta kan Windows sai ta birkice. Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin haka, da nuna iyakar alkawarin da ƙa'idojin bai ɗaya suka ɗauka.

2. Ma'anar rumbun ayyuka

Manhaja ba ta taɓa faifai ko allo da kanta. In tana son buɗe fayil, sai ta roƙi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma kowace babbar manhaja da irin hanyarta ta karɓar roƙo. Rumbun ayyuka, wato abin da ake kira bibliothèque da Faransanci, shi ne tafinta tsakaninsu. Ƙa'ida ta tsai da sunan kowane aiki, da abin da za a ba shi, da abin da zai mayar. Yadda za a aiwatar kuwa an bar wa masu kowane tsari. Saboda haka wanda ya rubuta fopen ba ya canza rubutunsa, sai dai ya sake harhaɗa shi a kan sabuwar na'ura.

Ƙa'idoji biyu ne ginshiƙi. Ta farko ita ce ta harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970: hukumar ANSI ta Amurka ta amince da ita a 1989, ISO kuma a 1990. Ta biyu ita ce POSIX, wadda IEEE ta fitar a 1988 domin daidaita ire-iren Unix. Ta C ta game kusan duk tsare-tsare, ta POSIX kuwa ba ta kai haka ba. Misali, aikin fork, mai tsaga manhaja biyu, babu shi a Windows.

3. Matsalar haruffa masu lanƙwasa

Dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Rumbun C kuwa an gina shi a kan zaton cewa harafi ɗaya oktet ɗaya ne, wato bit 8. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowane ɗayan haruffan nan oktet 2 yake ci. Abubuwa uku ke biyo baya:

a) aikin strlen zai ce tsawon "ƙasa" 5 ne, domin oktet yake ƙirgawa;
b) aikin toupper ba zai mai da ƙ ta zama Ƙ ba;
c) aikin strcmp zai jera kalmomi bisa lambar harafi, sai ƙ, ƴ, ɓ da ɗ duk su faɗo bayan z, "ƙasa" ta rabu da "kasa" da nisa.

Gyaran da aka yi wa ƙa'idar C a 1995 ya ƙaro ayyuka irin su towupper masu aiki da faffaɗan harafi. Sai dai ƙa'idar ba ta tsai da faɗinsa ba: bit 16 ne a Windows, bit 32 a Linux. Haka kuma strcoll yana jerawa bisa harshen da aka zaɓa da setlocale, amma ba a daidaita sunayen harsuna ba, ba a kuma wajabta wa kowa tanadin Hausa ba. Sunan aiki ɗaya ne, sakamako ya bambanta.

Masu aikin DiLAF, da ya haɗa masana na Nijar da Faransa, sun gamu da ƴar'uwar wannan matsala. Kafin su mai da ƙamusan Hausa, Barebari, Tamajaq da Zabarma daga Word zuwa XML, sai da suka sauya haruffa na musamman zuwa lambobin Unicode.

4. Kammalawa

Ana ba ɗalibai shawara uku. Su adana bayanai a UTF-8. Su killace duk abin da ya keɓanta da tsari guda a fayil ɗaya. In jerin kalmomi ya zama dole, su dogara da rumbu irin ICU, wanda ke ɗauke da dokokin jeri a cikinsa, ko su rubuta jadawalin baƙaƙen Hausa da kansu. Bayan haka a gwada manhajar a kan tsare-tsare biyu aƙalla, da kalmomi kamar "ɓera", "ɗaki", "ƙasa" da "ƴaƴa", kafin a miƙa ta ga abokan aiki.